Yadda Ake Shirya Waya Ta Zama Ajin Karatun Yara a Gida Ba Tare da Ta Cinye Data Ba

A gidaje da yawa abin da ake yi shi ne a miƙa wa yaro waya a ce masa "je ka yi karatu". Bayan rabin awa a tarar data ta ƙare, kuɗin kira sun ragu, shi kuma yaron yana can yana kallon barkwanci. Kayan karatu na kyauta suna nan jibge a intanet, har da na Hausa, amma sai an shirya wayar kafin su yi amfani. Tsarin da ke aiki abu huɗu ne: babba ya zaɓi darasi ya sauke shi tun kafin lokaci, a kashe data kafin waya ta shiga hannun yaro, a zauna kusa da shi, sannan kowane zama ya ƙare a kan takarda da fensir. Sauran bayanin da ke ƙasa yadda za a tsayar da waɗannan huɗun ne.

Wayar da za a yi amfani da ita

Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar Android da aka ajiye a durowa ta wadatar, muddin batirinta bai kumbura ba kuma fuskarta tana jin taɓi ko'ina. A shiga "Settings", a gangara "About phone", a duba abu biyu. RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, kada ya gaza gigabait 2, in an samu 3 ya fi, domin manhajojin yara masu zane da sauti suna sandarewa a ƙaramar waya. Ma'ajiyar ciki kuma a tabbatar akwai sararin da bai gaza gigabait 5 ba bayan an goge tsofaffin bidiyoyin WhatsApp, waɗanda su ne suka fi cika waya.

In za a ƙara memori, na gigabait 32 ya isa. Sai dai jabu ya yi yawa a kasuwa: a jikinsa an rubuta 64, wayar ma ta nuna 64, alhali ainihin abin da yake ɗauka bai kai rabin haka ba. Alamarsa ita ce fayilolin farko suna buɗewa, na baya kuma su lalace. Gwajinsa tun ranar da aka saya, a cika shi da bidiyoyi har ya kusa ƙarewa, sannan a buɗe na ƙarshe-ƙarshen. In suka ƙi buɗewa, a mayar wa mai shago.

A sa gilashin kariya da rigar roba mai kauri. Idan wayar ta yara ce kaɗai, a cire layin gaba ɗaya. Wannan mataki guda yana toshe rabin matsalolin da za a ambata a ƙasa.

A kulle kafin a zuba komai

Hanya biyu ce, ya danganta da ko yaran suna da wayarsu daban ko ta Mama ake ara.

Idan wayar daban ce, a yi amfani da Family Link na Google. Uba ko uwa su sauke manhajar a tasu wayar, su buɗe wa yaron asusun Google ta cikinta, sannan a shigar da wannan asusu a wayar yaran a bi matakan haɗa su. Daga nan iyaye ke ƙayyade mintocin da wayar za ta yi aiki a rana, da lokacin da za ta kulle kanta da dare, kuma babu manhajar da za ta sauka daga Play Store sai sun amince. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ranar haihuwa. Mutane sun saba zuba shekarar ƙarya don asusu ya buɗu da sauri, to idan aka sa yaro ɗan shekara 8 ya zama ɗan 20, Google zai ɗauke shi babba ne. A sa shekarunsa na gaskiya. Kuskure na biyu shi ne buga lambar sirri a gaban yara. Yaron da bai iya haddar sau bakwai ba zai haddace lambar nan a kallo ɗaya.

Idan kuwa wayar uwa ce ake ba su na ɗan lokaci, Family Link bai dace ba. Abin da ya dace shi ne maƙale manhaja ɗaya a fuskar waya yadda yaro ba zai iya fita daga cikinta ba. A "Settings" a rubuta "pin" a wurin bincike. Zai fito da "App pinning" ko "Screen pinning", wasu wayoyin Samsung kuma "Pin app". A kunna shi, a kuma kunna zaɓin da ke neman lambar sirri kafin a cire, domin in ba a kunna wannan ba aikin banza aka yi. Sai a buɗe manhajar karatun, a danna maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe, a taɓa tambarin manhajar a sama, a zaɓi "Pin". Yanzu yaro ba zai leƙa WhatsApp ba, ba zai goge hotuna ba, ba kuma zai kusanci manhajar banki ba.

Saura gyara uku a kowace irin waya. A Play Store a hana sabunta manhajoji da kansu, a kuma sa sai an buga lambar sirri kafin sayen komai. A WhatsApp a kashe saukar hotuna da bidiyo kai-tsaye. A layin da ke cikin wayar kuma a tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla, a danna *305# a ga ko akwai wani tsari da ke zarar kuɗi kullum ba a sani ba, a soke shi. Waɗannan lambobi iri ɗaya ne a duk layukan Najeriya tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita su a 2023.

Lissafin data

Bidiyo ne ke cin data, littafi ba ya ci. Bidiyon YouTube na minti goma a ingancin 360p yana cin kimanin megabait 40 zuwa 50, a 720p kuma ya ninka haka sau uku ko fiye. Littafin yara mai hotuna a PDF 'yan megabait ne kawai. Ke nan gigabait ɗaya ko dai bidiyo ashirin ne, ko littattafai sama da ɗari. Darasin lissafi da ake rubutu a allo yana fitowa sarai a 360p, saboda haka a kafa ingancin a nan a saitin manhajar, kada a bar ta ta zaɓa da kanta.

A ware dare ɗaya a mako na sauke kaya, a sayi tsarin data na dare tunda ya fi arha kuma sabis ya fi gudu a lokacin. A danna *323# kafin a fara da bayan an gama, a rubuta abin da ya tafi. Cikin mako biyu za a gane manhajar da ke da haɗama.

Akwai tarko guda da ke kama masu cire layi daga wayar yara. Idan aka buɗe mata hotspot daga wayar Baba, ita a wurinta Wi-Fi ne na kyauta, nan take za ta hau sabunta duk abin da ke cikinta, gigabait ɗaya ya tafi kafin a sauke littafi ko guda. Maganinsa a shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a wayar yaran, a mai da shi "Metered", wato na awo. Daga nan za ta riƙa tsimi.

Abin da gida ɗaya ya sauke, ba sai maƙwabta sun sake kashe data a kansa ba. Littattafan PDF da sautin karatu ana tura su ta Xender ko Quick Share kyauta. Gida biyar a layi ɗaya za su iya raba aikin, wannan ya sauke littattafai, wancan ya sauke na lissafi. Amma manhaja kanta gara a sauke ta daga Play Store. Wadda aka karɓa a shagon masu tura finafinai sau da yawa tsohuwa ce, wani lokaci kuma tana ɗauke da tallace-tallacen da ba na yara ba.

'Yan shekara 3 zuwa 6

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Wannan awar ta haɗa da talabijin ɗin falo. Don karatu, minti 15 zuwa 20 ya ishi ɗan wannan shekaru.

Manhaja biyu sun isa. Ta farko Feed the Monster, wadda ƙungiyar Curious Learning ta fassara zuwa harsuna da dama. A rubuta sunanta tare da kalmar Hausa a wurin bincike, domin kowane harshe manhajarsa daban. Yaro yana jin sautin harafi, ya ja harafin da yatsa ya ciyar da ɗan dodo, daga haruffa a wuce gaɓoɓi, daga gaɓoɓi a wuce kalmomi. Da zarar ta sauka ba ta ƙara neman data. Ta biyu Khan Academy Kids, ta 'yan shekara 2 zuwa 8, kyauta ce kuma ba talla a cikinta. Turanci ce zalla da lafazin Amurka, don haka amfaninta ya fi yawa wajen ƙidaya, siffofi, launuka da sabon kunne da Turanci. Tana da sashen littattafai da wasannin da ake saukewa a yi amfani da su ba data. Ta fi Feed the Monster nauyi, ita ce ke fara sandarewa a ƙaramar waya.

Wanda yake son bidiyo, shirye-shiryen Ubongo na Tanzaniya, wato Akili and Me na ƙanana da Ubongo Kids na manyansu, an juya su zuwa Hausa, kuma yaran da ke cikinsu da muhallinsu na Afirka ne. A zaɓi biyu ko uku a sauke, kada a bar yaro a buɗaɗɗen YouTube yana bin abin da ya biyo baya. YouTube Kids ya fi babban tsabta, amma tacewarsa ta na'ura ce, abubuwan shirme suna kutsowa. In za a yi amfani da shi, a kashe bincike a kunna tsarin da iyaye ke zaɓar tashoshin da aka yarda da su kaɗai.

'Yan firamare: karatu kafin komai

Nan ne ya kamata a fi zuba ƙarfi. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta jimla ba, duk wani darasin kimiyya ko lissafi da za a ɗora masa zubar da ruwa ne a rariya. Kuma hanya mafi sauri ita ce ya fara iya karanta harshen da yake ji. Rubutun Hausa yana tafiya da furuci, ba ka ce "ba" a rubuta wani abu daban, don haka yaro yana kama dabarar haɗa baƙi da wasali cikin watanni kaɗan, sannan ya ɗauki dabarar ya shiga Turanci da ita.

Rumbuna huɗu ne ke da littattafan yara na Hausa kyauta: African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, Bloom Library na SIL, da Global Digital Library. A kowanne akwai wurin zaɓar harshe da matakin wahala. A African Storybook matakai biyar ne. Na 1 kalmomi ne ɗaiɗai, na 2 gajerun jimloli, na 3 da na 4 sakin layi, na 5 kuma wanda babba zai karanta wa yaro. A buɗe shafin a burauza, a zaɓi Hausa, a zaɓi mataki, a sauke littattafai goma a PDF, a zuba su a folda guda mai sunan yaron.

Kafin a ba yaro kowane littafi, babba ya karanta shi tukuna. Da yawa fassara ce ta 'yan sa-kai, ingancinsu ya bambanta. Abin dubawa na farko haruffa masu ƙugiya. Littafin da ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", ko "daki" a wurin "ɗaki", zai rikita mai koyo, domin zai karanta abin da ya gani ya ji ba ma'ana. Irin wannan a ajiye shi. Na biyu, littattafan da aka rubuta a Nijar suna amfani da ƴ inda na Najeriya ke rubuta 'y, kuma sukan zo da kalmomin da Bakano bai saba ji ba. Ba kuskure ba ne, a dai nuna wa yaro sau ɗaya ya gane.

Gane matakin da ya dace da yaro ba wuya. A ba shi shafi ɗaya ya karanta da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi a lanƙwashe yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa, a sauko mataki. In ko ɗaya bai lanƙwashe ba, a hau. A bi abin da yaron ya iya, a manta da ajin da yake. Iyaye kan ji nauyin ba ɗan aji biyar littafin mataki na 2, amma wannan jin nauyin shi ke barin yara a inda suke.

Littafin da yaro ya fi so, a kai shi shagon kwamfuta a buga. Lasisin yawancin waɗannan littattafai ya halatta bugawa da rabawa. Baƙi da fari ya wadatar, a buga gaba da baya, a ninke a ɗinke da zare. Na takarda ba ya neman caji, kuma ƙanne za su gada.

Ga lissafi da sauran darussan makaranta akwai dandalin intanet na Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a Maris 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Fifikonsa a kan saura shi ne yana bin manhajar karatun Najeriya aji-aji, kuma akwai darussa da Hausa. Ana yin rajista, a zaɓi aji. Kowane yaro a buɗe masa nasa, in aka haɗa su a asusu ɗaya ba za a san wanda ya gama me ba. Khan Academy babba, wanda Salman Khan ya kafa a 2008, ya fi shi zurfi a lissafi, amma tsarin Amurka yake bi: kuɗi dala ne, awo inci da fam ne. A tsallake waɗannan sassa a riƙe tarawa, ɗebewa, sau, rabawa da lissafin ɓangare. Bidiyoyinsa suna sauka a manhaja, atisayen kuma sai da data, sai dai ba ya ci da yawa. Ajinsu na 7 shi ne daidai da JSS 1. Iyalan Maraɗi, Damagaram da sauran wuraren da ake karatu da Faransanci su sauya harshen shafin zuwa Faransanci, su kuma nemi Vikidia, kundin sani da aka rubuta don 'yan shekara 8 zuwa 13.

Yadda zaman kansa zai kasance

A tsayar da lokaci guda kullum. Yawancin yara suna boko da safe, Islamiyya da yamma, don haka abin da ya rage shi ne tsakanin magariba da isha'i ko bayan cin abincin dare. Alhamis da Juma'a, da yake yawancin makarantun allo da Islamiyyu suna hutu, ana iya tsawaitawa. Rabin awa ya isa ɗan firamare, a raba shi uku.

Minti goma na farko na karatu ne da ƙarfi. Yaro ya riƙe wayar, babba yana gefensa. In ya tsaya a kalma, a ƙirga biyar a zuci kafin a taimaka, kuma taimakon ya zama na gaɓa: a rufe sauran kalmar da yatsa a bar "ma", sannan "ka", "ran", "ta". Idan ya gama shafi a tambaye shi, "Me ya faru? Don me ta gudu?" Yaro na iya furta kowace kalma daidai bai fahimci komai ba, tambayar ce ke tona hakan.

Minti goma na biyu na darasi ne, bidiyo ɗaya tak. A tsayar da shi a tsakiya, kafin malamin ya ba da amsa, a ce yaro ya gwada. In darasin rabi da rubu'i ne, a ɗauko ƙuli-ƙuli takwas ko 'ya'yan dabino, a ce ya ba ƙanwarsa rubu'insu. In ya miƙa mata huɗu, bidiyon bai shiga ba, a sake.

Minti goma na ƙarshe a kife wayar. Ya rubuta jimla uku daga labarin, ko ya yi lissafi biyar makamantan na bidiyon a littafin rubutu da aka ware don wannan kaɗai, da kwanan wata a saman kowane shafi. Dalilin wannan mataki shi ne manhajoji da yawa zaɓi suke bayarwa, yaro mai wayo kuma yakan gano cewa in ya yi ta dannawa zai dace, ya tara taurari bai koyi komai ba. A takarda babu abin dannawa.

Uwar da ba ta yi boko ba tana iya riƙe wannan zama. Tana jin Hausa, don haka in yaro ya karanta abin da ba ma'ana za ta ce "sake dai". Tambayar "me ya faru?" ba ta buƙatar takardar shaida. Duba littafin rubutun kuma a bar wa yaya ko wa, ko Baba in ya dawo. In yaran uku ne waya ɗaya, a jera su: ɗaya na waya, ɗaya na rubutu, ɗaya na karanta bugaggen littafi, bayan minti goma a juya.

Duk mako biyu a yi awo. A ba yaro shafin da bai taɓa gani ba a matakinsa, a duba agogo minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a rubuta adadin a bayan littafinsa. In wata biyu suka wuce adadin bai motsa ba, ko dai matakin ya yi masa tsauri, ko ba a zama da shi, ko kuma idonsa ne ko kunnensa, sai a kai shi a duba.

Karatun Alƙur'ani

Waya tana taimakawa wajen tilawa da maimaici, ba ta maye gurbin malam, domin ba ta jin kuskuren yaro. Kafin a sauke komai a tambayi malaminsa ruwayar da yake koyarwa. Makarantun allo galibi Warshu ne, Islamiyyu kuma Hafsu, yawancin manhajoji kuwa da Hafsu suke zuwa. Bambancin yana bayyana tun a Fatiha, inda Hafsu ke jan "maaliki" Warshu kuma ya ce "maliki", kuma lambobin ayoyi ma ba ɗaya ba ne a wasu surori. Yaron da ke jin ɗaya a gida ɗaya a makaranta zai cakuɗa su. Sheikh Mahmud Khalil Al-Husari yana da karatu a ruwayoyin biyu, kuma yana karantawa a tsanake. Na Sheikh Minshawi wanda yara ke maimaitawa bayansa ya dace da masu ƙananan surori a Hafsu. A sauke sautin izu ɗaya ko biyu da yaro yake ciki kawai, a saita manhajar ta maimaita kowace aya sau uku, yana bi da yatsa a Mus'hafinsa na takarda. Don ma'ana, tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi tana cikin manhajoji da dama.

'Yan sakandare

Su ba sai an zauna a gefensu ba, amma littafin rubutu yana nan daram. Kiwix manhaja ce da ke buɗe Wikipedia ba data. Ana sauke ta, a shiga rumbunta a zaɓi fayil. Kada a taɓa cikakkiyar ta Turanci mai hotuna, ta kai kimanin gigabait 100. A ɗauki ta Hausa da ƙananan da aka ware darasi-darasi kamar lissafi, fiziks da kemistiri, a sa su a memori.

Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, PhET na Jami'ar Colorado yana rage asara. A shafinsu kowane gwaji ana iya sauke shi fayil guda, ya buɗe a burauza ba data. A fara da na haɗa da'irar lantarki: yaro ya jona batir da wayar wuta da ƙwan fitila a fuskar wayar, ya ga abin da ke faruwa in an jera ƙwai biyu a layi ɗaya da in an raba musu hanya. Sannan a ba shi batirin tocila biyu, ƙaramin ƙwan fitila da guntun wayar wuta ya haɗa na gaske. Da batirin tocila kaɗai, kada ya kusanci soket.

Mai shirin WAEC ya nemi sashen koyo na shafin hukumar, inda ake sa tsofaffin tambayoyi tare da bayanin manyan masu maki kan inda ɗalibai suka fi faɗuwa. Wannan bayanin ya fi tambayoyin kansu daraja. Mai shirin JAMB ya sauke jerin darussan da ake jarrabawa a kansu daga shafin hukumar ya riƙa bi yana soke abin da ya gama. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma atisaye a waya ba ya koya wa hannu linzami da allon rubutu. Ko sau uku ne a biya kuɗin awa a shagon kwamfuta ya zauna ya saba. Duk wani zaure na WhatsApp ko Telegram da ke alkawarin amsoshi kafin jarrabawa, ko ƙarin maki bayanta, damfara ce, a fitar da yaro daga ciki. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT kuma ba na 'yan ƙasa da shekara 13 ba ne, suna kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma aikin gida da aka kwafo daga cikinsu ana gane shi da tambaya ɗaya: "Rufe wayar ka yi min bayani."

Abubuwan da kan lalace

Manhaja tana rufe kanta: yawanci wuri ne ya cika ko RAM ya gaza. A rufe sauran manhajoji, a share "Cache", wato tarkacen wucin gadi da manhaja ke tarawa. Kada a danna "Clear data", zai goge duk abin da aka sauke da inda yaro ya kai.

Bidiyon da aka sauke a YouTube ya ƙi buɗewa: manhajar tana buƙatar leƙa intanet lokaci-lokaci don sabunta izini. A kunna data na minti ɗaya a daren sauke kaya. Ba kowane bidiyo ne kuma ake bari a sauke ba.

Haruffa masu ƙugiya sun zama akwatuna: a buɗe PDF ɗin da wata manhajar. Don yaro ya rubuta su da kansa, a ƙara Hausa a harsunan Gboard, wato allon rubutu na Google a waya, ɓ, ɗ da ƙ za su samu.

Waya tana zafi: a watannin Maris da Afrilu kada a bar ta a rana ko ƙarƙashin matashi, kada kuma yaro ya riƙe ta tana caji. Batirin da ya fara ɗaga murfin baya a daina amfani da shi a canza.

Yaro yana murza ido ko kukan ciwon kai: haske ya yi yawa a ɗaki mai duhu, ko ya kusantar da ita sosai. A kunna fitila, a rage hasken fuskar, tazarar ta kai kamu ɗaya, kuma duk minti 20 ya ɗaga kai ya dubi nesa.

Kuka idan an karɓe waya: yana faruwa ne in ƙarshen zama ya zo ba zato. A sanar da shi saura minti biyu, kuma kullum wayar ta koma wuri guda da ya sani, sama da inda hannunsa ke kaiwa. In aka mayar masa sau ɗaya don ya yi shiru, gobe kukan zai fi na yau tsawo. In ɗokin manhaja ya mutu bayan mako uku, kada a ƙara sabuwa a kan tsohuwa. A cire ɗaya a sa ɗaya, kada adadinsu a wayar ya wuce huɗu ko biyar.